Allura Mai Lamba Ashirin da Ɗaya

Da ƙarfe tara na safe wata Nas ta zube awarwaro huɗu a kan teburin Sufeto a ofishin 'yan sanda, ko farar rigar aikinta ba ta cire ba. Ta ce zinariyar mahaifiyarta ce, mai rasuwa. Tsofaffin sarƙoƙi da 'yan kunne ta kai wani shagon maƙera aka narke, aka ƙera mata waɗannan, aka buga musu lamba ashirin da ɗaya, wato darajar zinariyar. Jiya ɗaya ya lanƙwashe, ta shiga shagon da ke tsallaken titi a miƙe mata. Mai shagon ya goga shi a dutse, ya ce wannan da ƙyar ta kai sha shida.

"Nauyin fa?" in ji Sufeto.

"Daidai yake."

"Daidai da me, Sista?"

Nas ta ɗan yi turus. "Da abin da na kai musu. A gabana aka auna, kuma a gabana aka sake aunawa da na je karɓa."

A ofis Da-Me ake kiran Sufeto a bayan idonta, ita ma ta sani. Ka ce mata ɓarawon dogo ne, ta ce ya fi wa tsawo. Ka ce motar gudu take yi, ta ce ta wuce wace. Ƙananan ma'aikata sun tsani kai mata rahoto, mijinta kuwa tuni ya daina cewa shayi ya yi zaƙi. Amma shekara goma sha tara a bakin aiki sun koya mata cewa rabin ƙaryar da ake kawo mata a cikin kalmar "daidai" ake naɗo ta. In nauyi bai ragu ba alhali zinariya ta ragu, to wani ya cire ya cike gurbin da wani abu.

"Sun san kin gano?"

"Ban koma ba. Tsoro nake kada in faɗi abin da zan yi da-na-sani."

"Kin kyauta. Tashi mu je."

Shagon da aka yi aikin ɗaki ne siriri mai tsawo. A gaba akwai kanta ta gilashi da sikeli a kai, a bayanta wani matashi fes-fes mai ƙamshin turare, ana ce masa Auta, ƙanin matar mai shagon ne. A lungu akwai ƙaramin tebur da wani dattijo mai kaurin tabarau, shi ne Baba Magwaji. A bangon ƙurya an huda 'yar taga, ta nan zafi da ƙarar guduma suke fitowa daga ɗakin Maƙeri.

Maigida, mai shagon, ya saurari ƙarar yana share gumi. Kafin Nas ta rufe baki har ya samo mai laifi.

"Tsufa ne, ranki ya daɗe. Wata huɗu da suka wuce aka yi wa Baba aikin ido. Na riƙe shi ne don mutunci. Shi ne mizanin shagon nan, abin da ya ce shi ke nan, ba a ɗaga magana. In an cuci wannan baiwar Allah, ta hannunsa cutar ta wuce. Ko ido ne, ko da saninsa, ku za ku bincika."

Dattijon yana zaune yana ji. Shekara talatin da biyu yana wannan lungu, kuma abin da ya tara duka bai wuce sunan da yake da shi a layin ba. Sufeto ba ta son mutumin da ke saurin miƙa na ƙasa da shi, don haka ta sa Maigida a farkon waɗanda take zargi. Ta ce kowa ya fita ya zauna a bencin waje, za ta kira su ɗaya bayan ɗaya. Baba da Nas kawai ta bari.

Baba ya ciro ɗan mabuɗi daga zaren da ke wuyansa ya buɗe akwatin katako. A ciki akwai baƙin dutse mai santsi, kwalbar ruwan gwaji, da wasu sandunan tagulla sirara a zobe ɗaya kamar mabuɗai, kowace da ɗigon zinariya a baki da lamba a gindi.

"Waɗannan su ne ma'aunin?" ta tambaya.

"A'a, 'yata. Ma'auni ga shi can a kan kanta. Sikeli yana gaya miki nawa ne. Waɗannan allurai ne, su suke gaya miki kamar me ne. Samfur kuma daban, shi siffa kawai ake kwaikwayo a jikinsa. Mutane suna haɗa su duka su ce awo, amma ba ɗaya ba ne."

Ya goga awarwaro a dutsen, layi rawaya ya fito. Ya zaɓi allura mai lamba ashirin da ɗaya ya ja wani layin a gefensa. Ya ɗiga ruwan gwaji a kan duka biyun. Sufeto ta sunkuya tana kallo. Layukan suka fara dusashewa tare, suka ɓace tare.

"Kin gani?" Muryarsa ta ɗan ɗaga. "Ko idona ya mutu, naki ai da rai. Daidai suke."

"Na gani, Baba. Awarwaro daidai yake da allura. Allurar daidai take da me?"

Ya dube ta kamar ta zagi iyayensa. "Allura ba a gwada ta. Da ita ake gwadawa. Daga hannun maigidana na farko na gaje su."

Sufeto ta juya wajen Nas. "Cikin kayan mahaifiyarki babu abin da ya rage ba a narke ba?"

Nas ta buɗe jaka ta kwance bakin wani hankici. Ɗan kunne ne guda ɗaya, ƙarami. Ta ce shi ke kunnen mahaifiyarta ranar da ta cika, ta kasa bayar da shi.

Baba ya ja layi uku a wannan karon. Ya ɗiga ruwa. Layin awarwaro da na allura suka tafi tare kamar dā. Layin ɗan kunne ya tsaya yana ƙyalli.

Dattijon ya daɗe yana kallon dutsen. Da ya yi magana, a hankali ya yi ta, kamar da kansa yake.

"Wata huɗu ke nan duk zinariyar da aka kawo sai ta fi allura. Na ce ikon Allah, mutane sun fara sanin abin kirki. Wani lokaci in ce sabon idon ne yake ƙara mata haske. Ta wannan yarinyar ma ta fi allura ranar da ta kawo. Da aka gama aiki ta yi daidai da allura, na ce ai cikon da ake yi ne ya sauko da ita, tunda ashirin da ɗaya muka yi alkawari, ga shi ta kai." Ya girgiza kai. "Na yarda duniya ce ta canza, ban yarda allura ce ba."

Sufeto ta ji tausayinsa ƙwarai, amma tausayi ba ya cikin abin da take rubutawa. Mai gwaji ya fi kowa sanin yadda ake lalata abin gwaji. Ta karɓi zoben ta jera alluran a tafinta. Biyar ne: sha huɗu, sha takwas, ashirin, ashirin da ɗaya, ashirin da biyu.

"Wacce ka fi aiki da ita?"

"Ashirin da ɗaya. Kullum."

"Shekara talatin da biyu tana cin dutse, kuma bakinta ya fi na sauran tsawo?"

Baba ya ɗauke ta ya kai kusa da tabarau. Ya ce da ya dawo daga asibiti ya tarar an goge su duka suna walƙiya, ya ɗauka karamci aka yi masa. Ya ce dā shida ne, ta sha shida ce ta ɓace a wancan makon, bai damu ba don ba a cika nemanta ba. Sufeto ta shafa gindin allurar da babban yatsa. Inda lambar take ya fi sauran jikin siranta, kamar an ci shi da magagari.

"Da kana asibiti ina mabuɗin yake?"

"A ƙusa, can. Mako guda. Tun da na dawo kuwa bai bar wuyana ba."

Ta mayar da komai cikin akwatin, ta ce su biyun kada wanda ya ji abin da aka gani a bakinsu.

Maƙeri ta kira na biyu. Ƙato ne mai jajayen idanu da tabon ƙuna a hannu, irin fuskar da in an jera mutane mai ƙara zai nuna ko bai taɓa ganinta ba. Shi ke narkewa, shi ya fi kowa damar zuba jan ƙarfe.

"Yaya aikin yake zuwa hannunka?"

"Baba ya gwada. Auta ya auna, ya yanyanka da almakashi, ya zuba a tukunya, ya rufe da farin garin narki, ya miƙo ta taga. Ni wuta kawai nake sawa."

"Ba ka duba abin da ke ƙarƙashin garin?"

"In na tona a ce na taɓa. Ba na tonawa."

"Ba ka lura da komai ba?"

Ya yi tsaki. "Hannuna ya lura. Zinariyar kirki tana bin guduma, wannan kuwa gardama take yi. Sau biyu ina gaya wa Maigida a kai wa Na-Tsallake, mai shagon tsallaken titi, ya gwada mana. Ya ce in na sake ambaton shagon wancan mutumin in nemi wani aiki."

Maigida bai musa ba da aka tambaye shi. Ya ce shekara ashirin ba ya ga-maciji da Na-Tsallake, ba zai kai masa kayansa ya zama abin dariya a layi ba. Ya amsa cewa shi ya riƙa gwaji a makon da Baba ke kwance.

"Kana sayen tsohuwar zinariya a hannun mutane?"

"Kullum. Ko jiya na saya."

"Da me ake gwada ta?"

"Da allurar Baba mana. Da me kuma?"

Auta ya shigo da murmushi, ya jawo mata kujera, ya tambaya ko a kawo ruwa. Ya ce Baba uba ne a wurinsa, shi ya riƙa kai masa abinci asibiti. Ya sauke murya ya ce gaskiya idon ya tafi, ranar nan ma Baba ya zuba ruwan gwaji a gefen dutse, amma don Allah a yi masa a hankali. Ya nuna mata sikelinsa, almakashinsa, da gwangwanin ƙarafan buga lamba. Sufeto ta lura ba ta tambaye shi zancen ido ba.

Ta tsallaka titi ita kaɗai. Na-Tsallake tsamurarren mutum ne mai son magana, kuma ya ji daɗin ganin 'yar sanda ta fito daga shagon abokin gabarsa.

"Daga can akwai wanda ya taɓa kawo maka gwaji?"

"Maigidansu? Ko a mafarki." Ya yi dariya. "Sai dai yaron nan mai turare. Wata uku da suka wuce ya sayo wa matarsa sarƙa a wani wuri, ya kawo in duba masa kafin ya biya. Na ce ga Baba a gabanka? Ya ce ba ya son ya wahalar da tsoho."

Sufeto ta dawo ta tara su duka. Ta yi fuskar wadda ta gama aiki. Ta ce za ta tafi da Baba ofis ya ba da bayani, Maigida zai bi su ya sa hannu. Da ƙarfe uku za ta dawo da wani mai gwaji daga waje ya duba kayan aikin shagon kaf, in kayan lafiya suke to laifin na mai amfani da su ne. Ta sa Baba ya cire mabuɗin ya rataye a ƙusa. Dattijon ya bi ta a baya, 'yan layi suna leƙowa daga shagunansu suna kallo. Wannan tafiyar ta yi masa ciwo, kuma Sufeto ta san ita ta jawo masa, amma ba ta ga wata hanya ba.

Ƙarfe uku daidai suka dawo, da Nas da ɗan sanda guda a bakin ƙofa. Babu wani mai gwaji daga waje. Sufeto ta ce Baba ya buɗe akwatinsa.

Ya ɗaga zoben, sai ya tsaya. Allura mai lamba ashirin da ɗaya ta zama guntuwa, bakinta a cinye ta gefe ɗaya, gindinta baƙi da dattin yatsu.

"Ita ce," ya ce. "Tawa ce."

"Da safe doguwa ce," in ji Sufeto. "Ni da Baba da Sista mun gani. Maigida yana tare da ni tun sha ɗaya, Baba ma haka. Saura mutum biyu a shago."

Maƙeri ya leƙo ta taga, ya dubi Auta.

Ta zauna a kan kanta ta jero musu abin dalla-dalla. A makon da mabuɗi ke ƙusa, wani ya cire allurar gaskiya ya ɓoye. Ya ɗauki ta sha shida, ya goge lambarta da magagari, ya buga ashirin da ɗaya, ya wanke sauran don kada sabon gogen ya fita daban. Daga ranar, duk kayan da aka kawo narki ana iya cire kusan kashi ɗaya cikin huɗu a cike da jan ƙarfe da azurfa. Sikeli zai ce daidai, allura ta ce daidai, Baba ya sa baki da zuciya ɗaya. Kowa a shagon yana gwada komai da allura, babu wanda ya taɓa tunanin gwada ita kanta.

"Na zargi Baba, amma wanda ya lalata allura ba zai goga ta kusa da zinariyar gaskiya a gaban 'yar sanda ba. Na zargi Maigida, amma wanda ya san allurarsa ƙarya ce ba zai riƙa sayen zinariya da ita ba, kansa zai cuta. Na zargi Maƙeri, har na fi zarginsa, amma shi ne ya nemi a kai kayan waje a gwada, sau biyu. Mutum ɗaya ne ya sayi sarƙa, ya tsallake Baba da ke zaune taku uku daga gare shi, ya kai wa abokin gabar maigidansa. Ya san abin da allurar shagon nan za ta gaya masa ba abin dogaro ba ne."

Auta ya yi dariyar da ba ta kai ido ba, ya juya ga Maigida. "Yaya, ka ji fa. Don na tausaya wa tsoho?"

"Ba ka jefar da ta gaskiyar ba," Sufeto ta ci gaba, "don ka san wata rana asiri zai tonu. Ranar sai ka mayar da ita, a zo a duba a ga kayan aiki lafiya lau, laifi ya zauna a idon Baba. Shi ya sa tun safe kake tallar idon nan ba a tambaye ka ba. Buɗe gwangwanin."

Bai motsa ba. Maigida da kansa ya fizgo gwangwanin ya kife a kan gilashi. Ƙarafan lamba suka watse, doguwar allurar ta gangaro a cikinsu. A aljihun tebur na ƙasa, bayan takardun naɗe kaya, aka sami kwalbar magani cike da gutsattsarin zinariya, da wani ƙulli na yankakken jan ƙarfe. Nas ta tsinci rabin maɗaurin sarƙa a cikin kwalbar, ta ce na mahaifiyarta ne, ta san shi da wata 'yar lotsawa. Ta juya baya ta rufe fuska da hankicinta.

"Yaya, don Allah," in ji Auta. "Ka tuna Anti, matarka."

"Ita za ka tuna tun farko," in ji Maigida.

Da ɗan sanda ya fita da Auta, Maigida ya yi ta murza hularsa, ya matso lungun Baba. Ya ce a yi haƙuri, sharrin shaiɗan ne da ruɗewa, gobe Baba ya fito aiki kamar kullum.

Baba bai ɗago ba. "Da safe ka ce ko da sanina. A gaban yarinyar nan ka faɗa, kuma layi duka sun ga an tafi da ni." Ya gyara zaman dutsen a gabansa. "Zan fito. Amma duk wanda muka yi wa aiki a wata huɗun nan za a kira shi ya dawo da kayansa. Bakina ne ya ce musu daidai, ni zan gaya musu ba daidai ba ne. Kuma za ka kai allurai biyar ɗin nan wurin Na-Tsallake da hannunka, a gwada su da nasa."

Maigida ya dubi Sufeto. Ya ce to.

Sufeto ta tattara awarwaron da kwalbar cikin ambulan. Har ta kai ƙofa ta ji Baba yana cewa, "'Yata, ara mini ɗan kunnen nan sau ɗaya kuma."

Nas ta miƙa masa. Ya share dutsen da gefen rigarsa, ya ja layi da ɗan kunnen. Ya ɗauki guntuwar allurarsa, wadda ya gada, wadda bai taɓa tuhuma ba tun yana saurayi, ya ja layi a gefe. Ya ɗiga ruwan. Su huɗu suka sunkuya a kan teburin, har Maƙeri da ya fito da guduma a hannu.

Layukan biyu suka tsaya, babu wanda ya dusashe.

Baba ya ci gaba da kallo har ruwan ya bushe. Sannan ya cire tabarau ya share idanunsa, ya mayar da mabuɗin wuyansa.